Zazzaɓi Mai Komowa: Amfanin Wayar Hannu Wajen Gano Zazzaɓin Gado a Jikin Yara

Gabatarwa

A yammacin birnin Kano, inda hanyar Gwarzo ta fita ta Ƙofar Kabuga, kusa da tsohon mazaunin Jami'ar Bayero, unguwanni cike suke da ƙananan shagunan magani waɗanda jama'a ke kira kemis. Maganar da mai kemis ya fi ji daga bakin iyaye ita ce, "Jikin yaron ne ya yi zafi." Amsar da iyaye suka fi samu kuwa ita ce, maleriya ce, ko kuma taifot. Sau da dama wannan amsa daidai take, domin rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya na 'yan shekarun nan sun nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke.

Sai dai akwai yaron da labarinsa ya sha bamban. Zazzaɓi zai kwantar da shi kwana biyu ko biyar, a ba shi maganin maleriya, ya miƙe garau ya koma makaranta. Bayan 'yan makonni abin ya dawo yadda ya zo da fari, a sake ba shi maganin, ya sake miƙewa. Haka za a yi ta yi da damina, da kaka, da hunturu, har da tsakiyar bazara lokacin da sauro ya yi ƙaranci. Iyaye su gaji da kashe kuɗi, wasu su ce haƙori ne, wasu su ce iska ce, wasu su kai shi wurin wanzami a cire masa belu. Ba wanda ya lura cewa da an bar zazzaɓin ba a ba da maganin ba, da kansa zai sauka a daidai ranar da ya saba sauka.

Wannan darasi zai yi bayani a kan wani rukunin cututtuka da ake gada daga iyaye, waɗanda alamarsu ita ce zazzaɓi mai zuwa yana komowa. Zai kuma nuna yadda wayar hannu, wadda ta fara yaɗuwa a Nijeriya a shekarar 2001 kuma yanzu da wuya a sami gidan da babu ita, za ta iya zama littafin da likita ke bukata kafin ya gane irin waɗannan cututtuka.

Mene Ne Zazzaɓi?

Zafin jikin mai lafiya yana tsayawa wajen digiri 37 a ma'aunin Salshiyas. Wani ɗan sashe a gindin ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamus shi ke kula da wannan ma'auni. Idan ƙwayar cuta ta shiga jiki, fararen ƙwayoyin jini sukan saki waɗansu sinadarai na aike, babba daga cikinsu shi ne intalukin-1. Da zarar saƙon ya isa ƙwaƙwalwa, sai ta ɗaga ma'aunin zuwa digiri 38 ko 39 ko fiye. Rawar sanyi da marar lafiya ke yi, ƙoƙarin jiki ne na kai kansa ga wannan sabon ma'auni. Gumin da ke biyo baya kuwa alama ce ta saukowa.

Ke nan zazzaɓi gangami ne na garkuwar jiki. A zamanin da ganuwa ke tsare Kano, kowace ƙofa tana da sarkin ƙofa, wanda aikinsa ne ya rufe ƙofa ya sanar da gari idan ya hango abokan gaba. A maleriya da taifot da ƙyanda, mai tsaron ya yi gaskiya, maharan suna nan. A zazzaɓin gado kuwa, mai tsaron ne ke da lalura: yakan tayar da gari alhali babu kowa a bayan ganuwa. Shi ya sa maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya yi wa irin wannan zazzaɓi komai, domin babu ƙwayar da zai kashe.

Lokaci a Matsayin Shaida

Tun kafin a ƙirƙiro gwaje-gwajen jini na zamani, likitoci sun gane cewa yadda zazzaɓi ke hawa da sauka yana faɗin sunan cuta. A shekarar 1868 wani likitan Jamus mai suna Carl Wunderlich, a birnin Leipzig, ya wallafa littafi a kan zafin jikin marasa lafiya wajen 25,000. Daga aikinsa ne aka samo adadin nan na digiri 37, da kuma al'adar zana jadawalin zafin jiki da ake ratayawa a gadon asibiti.

A shekarar 1880 Alphonse Laveran ya ga ƙwayar maleriya a cikin jinin marar lafiya a Aljeriya. Bayan 'yan shekaru, a 1885 da 1886, Camillo Golgi na Italiya ya nuna cewa zazzaɓin maleriya yana tashi ne a daidai lokacin da ƙwayoyin ke fasa jajayen ƙwayoyin jini su fito. Wani nau'in yana yin haka duk bayan awa 48, wani kuma duk bayan awa 72. Da agogo da ma'aunin zafi da haƙurin rubutawa aka kai ga wannan ilimi.

Ya kamata ɗalibi ya riƙe bambanci ɗaya a nan. Hawa da saukar maleriya da awoyi ake ƙirga ta, a cikin rashin lafiya guda. Komowar zazzaɓin gado da makonni ko watanni ake ƙirga ta, kuma tsakanin kwanciya da kwanciya yaron lafiyarsa ƙalau, yana ci yana wasa. Likitan da ya ga yaron a rana ɗaya ba zai iya ganin wannan tsari ba. Mutanen gida ne kaɗai ke ganin dukkan ranakun.

Ire-iren Zazzaɓin Gado

Wanda ya fi yawa a duniya shi ne zazzaɓin gado na Bahar Rum, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da FMF. An fi samunsa a tsakanin Turkawa, da Armeniyawa, da Larabawa, da Yahudawan Arewacin Afirka. A Turkiyya, kimanin mutum ɗaya cikin 1,000 yana fama da shi. Yakan fara tun ƙuruciya. Zazzaɓin gajere ne, daga awa 12 zuwa kwana 3, amma yana zuwa da matsanancin ciwon ciki, ko ciwon ƙirji a gefe ɗaya, ko kumburin gwiwa ko idon sawu. Ciwon cikin yakan yi tsanani har a zaci afendis ne, kuma an sha yi wa masu wannan cuta tiyata a banza. Sheppard Siegal ya yi cikakken bayaninsa a birnin New York a 1945, kuma a 1997 aka gano ƙwayar gadon da ke jawo shi, mai suna MEFV.

Na biyu shi ne TRAPS, wanda aka fara bayyanawa a 1982 a cikin wani dangi 'yan asalin ƙasar Ailan. Shi zazzaɓinsa dogo ne, yakan wuce mako guda har ya kai uku, tare da ciwon tsoka mai yawo daga wuri zuwa wuri, da kumburin kewayen ido. An gano ƙwayar gadonsa a 1999.

Na uku shi ne MKD, wanda likitocin ƙasar Holan suka bayyana a 1984. Yakan fara tun yaro bai cika shekara ba. Zazzaɓin yana ɗaukar kwana 3 zuwa 7, da kaluluwa a wuya, da amai, da gudawa.

Na huɗu shi ne CAPS, wanda aka gano ƙwayar gadonsa a 2001. A nau'insa mafi sauƙi, sanyi ne ke tayar da shi: yaro ya sha iska mai sanyi, bayan 'yan awoyi ƙuraje su feso masa, idanu su yi ja, gaɓoɓi su yi ciwo. Nau'insa mai tsanani yana iya taɓa ji har ya kai ga kurumta.

Akwai waɗansu biyu da ya dace a ambata tare da su. Ɗaya ita ce cutar gado da ke sa wani nau'in fararen ƙwayoyin jini ya ragu ƙwarai duk bayan kimanin kwana 21, sai zazzaɓi da gyambon baki su biyo baya. Ɗayar kuma ita ce PFAPA, wadda aka bayyana a Amurka a 1987. Ita ba a gadonta ta ƙwaya guda kamar sauran, amma ita ce aka fi gani a cikin ƙananan yara masu zazzaɓi mai komowa. Takan fara kafin shekara biyar, ta zo duk bayan mako 3 zuwa 6, da ciwon maƙogwaro, da ƙananan gyambuna a baki, da kaluluwa a wuya, kuma yawanci takan rabu da yaro idan ya girma.

Abin lura shi ne, abubuwa uku ne suka raba waɗannan cututtuka da juna: tsawon kwanakin zazzaɓi, tazarar da ke tsakani, da alamomin da ke rakiyarsa. Dukkan ukun abubuwa ne da ake iya rubutawa a gida.

Yadda Ake Gadonsu

Kowace ƙwayar halitta ta jikin ɗan'adam tana ɗauke da kuromosom 46, rabi daga uwa, rabi daga uba. Saboda haka kusan kowace ƙwayar gado biyu ce a jikin mutum. Ƙwayar MEFV tana kan kuromosom na 16, kuma ita ke ba da umarnin ƙera wani furotin mai suna fairin, wanda ke cikin fararen ƙwayoyin jini yana kula da sakin intalukin-1. Idan aka sami canji a wannan ƙwaya, fairin yakan zama mai saurin tunzura.

Ɗalibin Kano ya riga ya san wannan lissafi daga cutar sikila. Idan uwa AS ce, uba ma AS ne, to kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, ko da yake iyayen lafiyarsu lau. Akasarin masu FMF da dukkan masu MKD haka suke gadon cutarsu, wato daga ɓangarorin biyu. Auren zumunci yana ƙara yiwuwar haɗuwar ƙwayoyi biyu iri ɗaya, domin ma'auratan kakansu ɗaya. TRAPS da CAPS kuwa ƙwaya ɗaya ta isa, don haka akan ga cutar a jikin uwa ko uba, kuma kowane ɗa yana da yiwuwar ɗaya cikin biyu.

Akwai wata kama kuma tsakanin FMF da sikila. An daɗe da sanin cewa mai AS yana da kariya daga maleriya mai tsanani, shi ya sa ƙwayar sikila ta yawaita a ƙasashen sauro. Wani bincike da aka wallafa a 2020 ya kawo hujjar cewa canjin ƙwayar MEFV ya yawaita a gabashin Bahar Rum ne domin yana ba da kariya daga annobar nan ta ɓeraye da ta sha halaka jama'a a can.

Me Ya Kawo Zancen Kano?

Waɗannan cututtuka ba su da yawa, kuma daga cikin yara masu yawan zazzaɓi a Kabuga ko Gwale ko Ɗorayi, mafi rinjaye maleriya ce, ko ciwon maƙogwaro, ko cutar mafitsara, ko tarin fuka, ko sikila. Amma akwai dalilai uku da suka sa ya kamata a san su. Na farko, ƙwayar gado ba ta san iyakar ƙasa ba. Kano ta yi ɗaruruwan shekaru tana hulɗa da Arewacin Afirka ta hanyar ayarin Sahara, Larabawan Tarabulus da na Gadamas sun zauna a cikin birni sun yi aure sun hayayyafa, daga baya kuma 'yan Labanan da Siriya suka zo. Na biyu, a ƙasar da ake kiran kowane zazzaɓi maleriya, cutar da ba ta da yawa ita ce ta fi saurin ɓuya. Na uku, littafin zazzaɓi yana da amfani ko da cutar ba ta gado ba ce, domin zai nuna wa likita inda ya kamata ya duba. Hausawa na cewa kama da wane ba ta wane.

Haɗarin jinkiri ba ƙarami ba ne. Idan kumburin cikin jiki ya daɗe yana maimaituwa, hanta takan yi ta sakin wani furotin da ke taruwa a cikin ƙoda, ana kiran tarin amiloyid. A hankali ƙoda ta fara zubar da furotin a fitsari, daga baya ta gaza. Kafin a sami magani, wannan ne ke kashe masu FMF da yawa tun suna da sauran ƙuruciya.

Littafin Zazzaɓi a Cikin Waya

A shekarar 2014 gungun likitoci daga ƙasashe daban-daban suka wallafa sakamakon gwajin wani jadawali mai suna AIDAI, wanda marar lafiya ko iyayensa ke cikewa kullum har wata guda. Yana da alamomi 12, a cikinsu akwai zazzaɓin da ya kai digiri 38, da ciwon ciki, da amai, da gudawa, da ciwon kai, da ciwon ƙirji, da kaluluwa, da ciwon gaɓoɓi, da kumburinsu, da ciwon ido, da ƙuraje. Kowace rana ana sa 1 idan alamar ta bayyana, a sa 0 idan ba ta bayyana ba. Idan jimillar wata ta kai 9, alama ce cewa cutar tana tashe, magani bai danne ta ba. An tsara shi ne domin bibiyar wanda aka riga aka gano cutarsa, amma tsarinsa ya dace da duk mai son rubuta zazzaɓin ɗansa.

A takarda aka fara wannan jadawali. Me waya ta ƙara? Wani bincike da aka buga a mujallar likitocin Birtaniya a 2002 ya ba da amsa. An ba waɗansu manya masu fama da ciwo na kullum littafin takarda, an ɓoye na'ura a bangonsa mai lura da lokacin da aka buɗe shi. Bisa abin da suka rubuta, sun cike kashi 90 cikin 100 a kan lokaci. Na'urar kuwa ta nuna kashi 11 ne kawai. Sauran daga baya aka zauna aka cike su da ka. Waɗanda aka ba littafin na'ura mai buga lokaci da kanta sun kai kashi 94. Darasin shi ne, tunani yana yaudarar mai shi, kuma waya tana buga kwanan wata da sa'a ba tare da an tambaye ta ba.

Ba lallai sai an sayi wata manhaja ta musamman ba. Kalandar waya, da wurin ajiye rubutu, da kyamara, da ƙararrawar tunatarwa sun wadatar. Uwar da ba ta rubutun boko tana iya ɗaukar saƙon murya, ko ta rubuta da ajami a takarda a ɗauki hotonsa. Abubuwan da za a rubuta su ne:

1. Ranar da zazzaɓi ya fara da ranar da ya sauka. A zaɓi kalanda ɗaya, ta Miladiyya ko ta Hijira, a tsaya a kanta, domin haɗa su yana ɓata ƙirgar tazara.
2. Zafin jiki da safe da kuma da yamma, da ma'aunin zafi na kemis. Tafin hannu yana gane zafi, amma ba ya ba da lamba. Awon hammata yakan gaza na cikin jiki da wajen rabin digiri, don haka 37.5 a hammata zazzaɓi ne. A rubuta inda aka auna.
3. Alamomin da suka zo tare da shi, da wurin da ciwon yake.
4. Sakamakon gwajin maleriya na kowane karo. A ɗauki hoton ɗan katin gwajin ko takardar asibiti.
5. Sunan kowane magani da aka ba yaro da lokacin da aka ba shi, har da na gargajiya.
6. Abin da ya gabaci zazzaɓin: sanyi, gajiya, tafiya, jarrabawa, ko al'ada ga 'yan mata.
7. Ranakun lafiya. Su ma shaida ne, a sa musu 0.
8. Labarin dangi: wa ya taɓa irin wannan, wa ya yi ciwon ƙoda ko ya kurumce da ƙuruciya.

Hoto yana da muhimmanci na musamman, domin ƙuraje da kumburi sukan ɓace kafin ranar ganin likita. A baƙar fata jan ƙurji ba ya fita sosai, don haka a ɗauki hoton a hasken rana, a inuwa, a ajiye rula a gefe don a san girmansa.

Misalai Biyu na Koyarwa

A ƙaddara wata yarinya 'yar shekara huɗu a Kabuga, wadda yayarta 'yar sakandare ke rubuta mata. Zazzaɓi ya fara ranar 3 ga Janairu, da 31 ga Janairu, da 27 ga Fabrairu, da 28 ga Maris, a shekarar da Fabrairu ke da kwana 28. Kowane karo kwana huɗu yake yi, da ciwon maƙogwaro da kaluluwa, gwajin maleriya kuma bai nuna komai ba sau huɗu. Ana ƙirga tazara daga ranar farawa zuwa ranar farawa ta gaba: kwana 28, da 27, da 29. Jimilla 84, a raba uku, matsakaici kwana 28. Likitan yara da ya ga wannan zai tuna da PFAPA, ya kuma nemi ƙirgar fararen ƙwayoyin jini don ya kawar da shakka.

A ƙaddara kuma wani yaro ɗan shekara tara. Tazarar zazzaɓinsa ba ta da tsari: kwana 12, sannan 40, sannan 23. Amma kowane karo kwana biyu kacal yake yi, yaron yana naɗe da ciwon ciki, sau ɗaya idon sawunsa ya kumbura. Iyayensa 'yan wa da ƙane ne, kuma wani baffansa ya rasu da ciwon ƙoda yana saurayi. Nan tazara ba ta faɗi komai ba. Gajartar zazzaɓin, da ciwon ciki, da labarin dangi su ne za su sa likita ya yi tunanin FMF.

A duka misalan biyu, littafin bai yanke hukunci ba. Ya dai mayar da maganar "kullum ba shi da lafiya" ta zama lambobin da za a iya aiki da su. Daga nan likita zai nemi gwajin kumburi a jini, irin su CRP da ESR, lokacin zazzaɓi da lokacin lafiya, da gwajin furotin a fitsari, da gwajin ƙwayar gado idan hali ya yi. Irin wannan bincike aikin likitocin yara ne a manyan asibitoci, kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Hattara

Waya ba likita ba ce, kuma rubutu ba ya maye gurbin gwaji. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a gwada jini kafin a ba da maganin maleriya. Yaro mai zazzaɓin gado shi ma sauro yana cizonsa, don haka kowane sabon zazzaɓi a gwada shi a ranar, kada a ce "nasa ne na kullum." Maleriya tana iya kashe ƙaramin yaro cikin kwana ɗaya ko biyu.

A ajiye waya a garzaya asibiti idan yaro ya kasa sha ko kama nono, ko yana amayar da duk abin da ya ci, ko yana jijjiga, ko ya galabaita ba ya farkawa sosai, ko wuyansa ya sanƙare, ko numfashinsa ya yi sauri, ko cikinsa ya yi tauri da ciwo. Haka nan duk jaririn da bai kai wata uku ba, da duk yaro mai sikila, zazzaɓinsu na gaggawa ne. Kada a ba yaro asfirin.

Yawancin wayoyi ba su da na'urar auna zafin jikin mutum. Manhajar da ke cewa a ɗora yatsa a kan gilashi ta faɗi zazzaɓi, wasa ce kawai. Sannan waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, cajinta yana ƙarewa, kuma a gidaje da yawa tana fita kasuwa tare da maigida tun safe. Saboda haka a ajiye ƙaramin littafin rubutu a gida, a riƙa kwafe taƙaitaccen bayani duk ƙarshen mako.

Akwai kuma batun sirri. Labarin cutar gado ya shafi dangi gaba ɗaya, yana iya taɓa auren 'yan'uwan yaro nan gaba. Kada a watsa hotonsa a zaurukan WhatsApp ana neman shawara. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin bayanai masu bukatar kariya ta musamman, kuma ya dace a duba abin da kowace manhaja ke nema kafin a ba ta izini.

Magani

Amfanin gano cutar shi ne akwai abin yi. A shekarar 1972 Stephen Goldfinger na Amurka ya ba da rahoton cewa kolcisin, tsohon magani da ake samu daga wani fure, yana hana tashin FMF idan ana shan sa kullum. Daga baya aka tabbatar yana kare ƙoda daga amiloyid. Ƙwaya ce ƙarama mai araha, amma tazarar da ke tsakanin adadin da ke magani da wanda ke zama guba kaɗan ce, don haka likita ne kaɗai ke rubuta ta, kuma a ɓoye ta daga yara. Ga CAPS da TRAPS da MKD, da FMF da ya ƙi jin kolcisin, akwai allurai masu toshe intalukin-1, sai dai suna da tsada ƙwarai. Bayan an fara magani littafin bai gama aiki ba, domin shi zai nuna ko zazzaɓin ya ragu, kuma ƙararrawar waya ita ke tuna wa gida lokacin shan ƙwaya.

Rawar Malami da Ɗalibi

Rajistar aji ita ma littafin zazzaɓi ce, idan malami ya karanta ta da idon basira. Ɗalibin da ke ɓacewa kwana uku ko huɗu duk wata, ya dawo a rame, kafin a kira shi malalaci ya kamata a ƙirga ranakun a tattauna da iyayensa. Waɗannan cututtuka ba sa yaɗuwa daga yaro zuwa yaro, don haka babu dalilin ware shi daga 'yan ajinsu. Ɗalibin sakandare kuma, wanda sau da yawa shi ne ya fi kowa iya waya a gida, yana iya zama marubucin lafiyar ƙannensa.

Kammalawa

An ga cewa zazzaɓi gangamin garkuwar jiki ne, kuma akwai cututtukan gado da ke sa a yi gangamin ba tare da mahari ba. An ga cewa tsawon zazzaɓi, da tazararsa, da alamomin da ke tare da shi su ne ke bambanta waɗannan cututtuka, kuma mutanen gida ne ke da damar tattara su. Aikin da Wunderlich ya yi da takarda da alƙalami a 1868, yau uwa a Kabuga tana iya yin irinsa da ma'aunin zafi da wayar hannu. Sharaɗin shi ne a auna, a rubuta a ranar, a gwada maleriya kowane karo, sannan a kai wa likita.

Tambayoyi da Aikin Aji

1. Bayyana bambancin da ke tsakanin hawa da saukar zazzaɓin maleriya da komowar zazzaɓin gado.
2. Uwa da uba kowannensu yana ɗauke da ƙwayar MEFV ɗaya mai canji. Zana jadawalin gado ka nuna yiwuwar abin da kowane ɗa zai samu.
3. Zazzaɓin wani yaro ya fara ranar 2 ga Afrilu, da 23 ga Afrilu, da 14 ga Mayu, da 4 ga Yuni. Nemo tazarar. Wace cuta ce daga cikin waɗanda aka ambata ta dace da wannan tsari?
4. Me ya sa ake rubuta ranakun lafiya a cikin littafin zazzaɓi?
5. Kawo alamomi biyar da ke wajabta kai yaro asibiti nan take.
6. Aikin aji: kowane rukuni ya auna zafin jikin mutum ɗaya mai lafiya da safe da yamma har kwana bakwai, ya zana sakamakon a takardar girafi, sannan ya faɗi lokacin da zafin ya fi hawa.